Idan Rumbu Ya Cika: Katin Ƙara Faifai a Kwamfuta da Ranar da Ɗaya Zai Mutu

Kyamarar da ke ɗaukar hoto a kan megabit 100 a daƙiƙa, wadda a yau ba ta fi ƙarfin mai ɗaukar biki ba, tana cin gigabayit 45 a kowace awa. Idan kuwa hoton 4K ne a tsarin ProRes 422 HQ na kamfanin Apple, wanda masu tace fim ke so domin ba ya wahalar da kwamfuta, awa ɗaya takan haura gigabayit 300. Shirye-shirye masu dogon zango da Kannywood ta rungumi yi tun da kasuwar CD ta durƙushe aka koma YouTube da tashoshi irin su Arewa24, kowane kashi nasu an tsamo shi ne daga sa'o'i masu yawa na ɗanyen hoto. A ninka wannan da yawan kashin da ke cikin zango guda, a sake ninkawa da kyamara biyu, sai a gane dalilin da ya sa faifan ajiya mai terabayit 4, wanda 'yan kasuwa ke kira had-dis, yake cika tun aikin bai yi nisa ba.

Matsalar ba ta tsaya ga masu fim ba. Gidan rediyon da ke adana shirye-shiryen shekaru, da mai ɗakin hoto wanda amarya za ta iya dawo masa bayan shekara biyar tana neman hotunan bikinta, da ofishin lauya ko na safiyo da ya mayar da takardunsa cikin kwamfuta, da makarantar da ta kafa kyamarorin tsaro, duk akwai safiyar da kwamfuta za ta sanar da su cewa wuri ya ƙare. Shawarar a tura komai intanet tana da daɗin faɗi, sai dai lissafi ba ya goyon bayanta: tura terabayit 4 a kan layin da ke ɗora megabit 10 a daƙiƙa zai ɗauki kwana 37 ba tare da katsewa ko sau ɗaya ba, ban da kuɗin data da kuɗin hayar wurin ajiyar da za a riƙa biya wata-wata da dala. Saboda haka manyan bayanai a wannan yanki suna zama ne a inda aka samar da su.

Mafitar farko da kowa ke kamawa ita ce faifan waje mai wayar USB. A sayi ɗaya, ya cika, a manna masa takarda a jefa a durowa, a sayi wani. Bayan shekara biyu durowar ta cika da faya-fayai, ba wanda ya san takamaimai me ke cikin wanne, kuma kowannensu faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta ishe shi. Daga nan mai aiki yakan yanke shawarar tara faya-fayan a cikin kwamfuta guda, sai ya tarar kafofin da zai jona su sun ƙare. Maganin wannan shi ne katin ƙara faifai. Abu ne ƙarami, kuma saka shi ba ya cin minti ashirin. Amma duk faifan da ke juyawa a yau akwai ranar da zai tsaya, kuma irin katin da aka zaɓa shi ne zai nuna ko ranar za ta zo da ɗan ɓacin rai ne kawai, ko za ta tafi da aikin shekaru.

## Kafa ɗaya, faifai ɗaya

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai babban allon da komai ke haɗuwa a kansa, wanda masu gyara ke kira madabod. A gefensa akwai ƙananan kafofi masu suna SATA, kuma ƙa'idarsu ita ce kowace kafa faifai ɗaya take ɗauka. Tsarin ya fito a 2003, ya maye gurbin tsohuwar waya mai faɗi kamar ɗamara wadda ke ɗaukar faifai biyu. Zubinsa na uku, wanda ya zo a 2009, yana iya wucewa da kimanin megabayit 600 a daƙiƙa. Yawancin alluna suna zuwa da kafa huɗu zuwa shida, ƙananan kwamfutocin ofis kuwa ba su kai haka ba. A wasu allunan ma, da zarar an saka ƙaramar ma'adana ta M.2, sai kafa ɗaya ko biyu su daina aiki, domin hanya ɗaya suke rabawa. Littafin allon ne ke faɗin wannan, shi ya sa duba shi ya kamata ya riga zuwa kasuwa.

Katin ƙara faifai wani ƙaramin allo ne, bai fi tsawon tafin hannu ba, da ake sokawa a ɗaya daga cikin guraben PCI Express, wato irin gurbin da katin hoto ke zama. A jikinsa akwai 'yar ƙwaƙwalwa, wadda masu gyara ke kira cif, ita ke magana da faya-fayai a gefe guda, tana isar da saƙonsu ga kwamfuta a ɗaya gefen. Sunan wannan cif ɗin ya fi sunan kamfanin da ke jikin kwali muhimmanci, domin kamfanoni da dama cif ɗaya suke saye su lulluɓe shi da sunaye daban-daban.

## Faɗin hanya

Gurbin PCI Express an gina shi ne da layuka. Akwai mai layi 1, mai 4, mai 8 da mai 16, kuma ana rubuta su x1, x4, x8, x16. Kowane layi yana da iyakar abin da zai ɗauka: kimanin megabayit 250 a daƙiƙa a zubin farko, 500 a zubi na biyu, kusan 1,000 a na uku, kusan 2,000 a na huɗu. Shi kuwa faifai mai juyawa na zamani, idan yana karanta babban fayil a jere, yakan ba da megabayit 150 zuwa 250 a daƙiƙa, ma'adanar SSD ta SATA kuma ta kai kimanin 550.

Da waɗannan alƙaluma kowa zai iya auna kati tun yana cikin kwali. Cif ɗin ASM1061 na kamfanin ASMedia yana da kafa biyu a kan layi ɗaya na zubi na biyu, abin da ya wadatar da faifai biyu masu juyawa. ASM1166 yana da kafa shida a kan layi biyu na zubi na uku, JMB585 na kamfanin JMicron kuma kafa biyar a kan layi biyu, duka biyun suna da sararin da faya-fayansu za su sake. Inda ake faɗawa rami shi ne katin da ke tallata kafa goma ko goma sha shida alhali ƙafarsa x1 ce. Irin wannan kati yakan ɗauki cif mai 'yan kafofi, ya liƙa masa wasu ƙananan cif masu raba kafa ɗaya zuwa biyar. Kamar kasuwa ce da aka ƙara wa rumfuna ashirin amma aka bar ta da ƙofa ɗaya. Idan faifai goma suka taru a kan megabayit 500, kowanne 50 zai samu, ƙasa da sulusin ƙarfinsa. Abin da ya fi wannan muni shi ne, faifai ɗaya da ya fara ciwo yana iya riƙe hanyar har sauran 'yan uwansa huɗu su ɓace wa kwamfuta a lokaci guda. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Akwai ƙarin abu biyu game da gurbi. Ƙaramin kati yana shiga babban gurbi ya yi aiki lafiya. Amma tsawon gurbi ba ya nuna yawan layukan da aka ja masa: gurbi na biyu a alluna da yawa tsawonsa na x16 ne, wayoyinsa kuwa na x4. A wasu allunan kuma, saka kati a gurbi na biyu yana rage layukan katin hoto daga 16 zuwa 8, abin da mai tace fim zai so ya sani tun kafin ya ɗaure kusa.

## Kati iri uku

Na farko shi ne katin SATA na gama-gari, irin masu cif ɗin da aka ambata. Ba ya cin wuta sosai, ba ya zafi, kuma Windows da Linux suna gane mafi yawansa ba tare da an saka wata manhaja ba. Ga wanda yake son ƙara faifai biyu zuwa shida, shi ne daidai.

Na biyu shi ne katin HBA, wanda aka ƙera domin manyan kwamfutocin uwar garke. Yana magana da yaren SAS, kuma katin SAS yana iya tuƙa faifan SATA, amma katin SATA ba ya iya tuƙa faifan SAS. Mafi shahara a wannan aji su ne na kamfanin LSI, wanda Avago ya saya a 2014, kamfanin da daga baya ya koma amsa sunan Broadcom. Samfurin 9211-8i yana ɗaukar faifai takwas a kan layi takwas na zubi na biyu, wato megabayit 500 ga kowane faifai. Bayansa akwai 9207-8i da 9300-8i. Da yake manyan cibiyoyin bayanai suna sauya kayansu bayan 'yan shekaru, irin waɗannan katunan sun cika kasuwar kayan hannu, har da waɗanda aka buga wa sunan wasu kamfanoni, kamar IBM M1015 da Dell PERC H310, waɗanda cif ɗinsu ɗaya ne da na 9211-8i. Ba su da kafar SATA a jikinsu. Suna da manyan baki biyu, kowanne ana jona masa wayar da ta rabu gida huɗu. Wayar iri biyu ce masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya daga kati zuwa faifai, ɗaya daga allo zuwa akwatin uwar garke, kuma wanda ya sayi ta biyun zai kunna kwamfuta bai ga faifai ko ɗaya ba. Haka nan katunan da suka girmi waɗannan, masu cif SAS1068E, ba sa ganin abin da ya wuce terabayit 2 a faifai.

Na uku shi ne katin RAID mai cin gashin kansa. Yana da ƙwaƙwalwarsa da ma'ajiyar wucin gadi, wani lokaci har da batiri. Shi ke harhaɗa faya-fayai ya miƙa wa kwamfuta su a matsayin faifai ɗaya. A kan takarda shi ne mafi daraja, kuma shi mai shago zai fi yabawa. Ga ƙaramin ofis ko ɗakin tace fim kuwa, shi ne ya fi buƙatar a yi tunani sau biyu, kuma dalilin yana cikin yadda RAID ke aiki.

## Wa ke riƙe da makulli

Sunan RAID ya fito ne daga wata maƙala da David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley suka gabatar a 1988. Hujjarsu ita ce ƙananan faya-fayai masu araha, idan aka haɗa su da dabara, za su iya fin babban faifai mai tsada sauri da aminci. Dabarun suna da lambobi, kuma faifai huɗu masu terabayit 4 kowanne sun isa misali.

RAID 0 yana yayyanka kowane fayil ya watsa a kan duka huɗun. Ana samun terabayit 16 da gudu mai yawa, amma mutuwar faifai ɗaya mutuwar komai ce. Idan aka ƙaddara kowane faifai yana da kashi 2 cikin 100 na yiwuwar lalacewa a shekara, haɗa huɗu ta wannan hanya yana kai hatsarin kusan kashi 8. RAID 1 yana rubuta abu ɗaya a kan faifai biyu kamar madubi, don haka rabin wurin ake mora. RAID 5 yana ba da terabayit 12, ya sadaukar da wurin faifai ɗaya ga lissafin ceto. Misalin lissafin mai sauƙi ne: idan aka ajiye 3 da 5 da 2, aka kuma ajiye jimillarsu 10, to ko an rasa 5 za a iya gano ta daga sauran. RAID 6 yana ajiye irin wannan lissafi sau biyu, ya ba da terabayit 8, ya jure mutuwar faifai biyu.

Tambayar ita ce wa zai riƙe wannan lissafi, kati ko manhaja. Idan kati ne, shi ya san yadda ya jera bayanan. Ranar da ya ƙone, faya-fayan suna nan lafiya lau, amma sau da yawa ba a iya karanta su cikin sauƙi sai an samo kati daga dangin wanda ya mutu. Ga kamfanin da ke da kwangilar gyara da kayan canji a sito, wannan aikin awa ɗaya ne. Ga mai tace fim a Kano ko Kaduna wanda ya sayi katin a hannu, yana iya zama jiran makonni kafin wani ya iso daga Legas ko daga ƙetare, furodusa kuma yana jiran kashin da zai hau ranar Juma'a. Bayan haka, irin wannan kati yakan tsaya tsakanin kwamfuta da faifai ya tare rahoton lafiyar da kowane faifai ke bayarwa, sai an bi ta manhajar kamfanin kafin a gan shi. Batirinsa ma yana tsufa, kuma idan ya mutu, ko dai katin ya rage gudu, ko kuma, in an tilasta masa ci gaba da tara bayanai a ma'ajiyarsa, ya zubar da su a ɗaukewar wuta ta gaba.

Idan kuwa manhaja ce ke riƙe da lissafin, aikin kati bai wuce miƙa kowane faifai ga kwamfuta yadda yake ba. A katunan LSI ana kiran wannan yanayin IT, kishiyar yanayin IR mai haɗa RAID, kuma ana iya sauya manhajar cikin katin daga wannan zuwa wancan. Masu sayarwa da yawa suna rubuta yanayin da katin yake. Sauran aikin sai a bar wa mdadm a Linux, ko Storage Spaces da Microsoft ya shigo da shi tun Windows 8 a 2012, ko ZFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya fitar a 2005 kuma manhajar TrueNAS ke amfani da shi. A wannan tsari bayanin yadda aka jera komai yana rubuce a jikin faya-fayan kansu. Kati ya ƙone, a sa wani ko da na wani kamfani ne. Kwamfutar ta mutu gaba ɗaya, a kwashe faya-fayan a kai wata mai irin manhajar, su tashi. ZFS yana da ƙarin fa'ida biyu da suka dace da ƙasar da wuta ba ta da tabbas: yana ajiye hatimin tantancewa ga kowane guntun bayani, ta yadda zai gane wanda ya gurɓace ya gyara shi daga kwafinsa, kuma ba ya rubutu a kan tsohon bayani sai sabon ya kammala a wani wuri, don haka ɗaukewar wuta a tsakiyar rubutu ba ta barin lissafin ceto a karkace kamar yadda takan yi wa RAID 5 na gargajiya.

Wannan shi ne ma'aunin zaɓen kati. Wanda bai ɓoye komai tsakanin faifai da kwamfuta ba, wanda kuma za a iya maye gurbinsa da abin da ke cikin gari, ya fi wanda ya fi shi wayo.

## Wuta da zafi da ƙura

Kati yana kawo hanyar bayanai ne kawai. Wutar da faifai zai ci daga akwatin rarraba wuta na kwamfuta take fitowa. Babban faifai yana cin wat 5 zuwa 9 idan yana aiki, amma a daƙiƙun farko da injinsa ke tayar da faranti yakan ja wat 20 zuwa 25. Faifai takwas da suka tashi tare suna iya neman kusan wat 200 a lokaci guda, abin da ya kusa cinye dukan ƙarfin ƙananan kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu. Alamar ƙarancin wuta ita ce faifai ya riƙa ƙas-ƙas yana ɓacewa yana dawowa, sai a ɗora wa kati laifin da ba nasa ba. Wayoyin raba wuta masu araha, musamman waɗanda aka narka roba a kan bakinsu, an san su da haɗa tartsatsi har su kama wuta, kuma jera faifai da yawa a kan waya ɗaya yana sa ta ɗumi. Mai amfani da inbata kuma ya sa a lissafinsa cewa faifai takwas a kan wat 7 kowanne, dare da rana, suna cin kimanin kilowat-awa 1.3 a kullum, ban da kwamfutar kanta. Batirin riƙe wuta na UPS yana cikin kuɗin aikin tun farko, domin 'yan daƙiƙun da ke tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareta sun isa su katse rubutu.

Zafi ma haka. Katin HBA yana fitar da kimanin wat 10, kuma an ƙera shi ne da zaton iska mai ƙarfi za ta riƙa ratsa shi kamar yadda take yi a cikin uwar garke. A akwatin kwamfutar tebur babu wannan iska, sai an ɗaura masa ƙaramar fanka a kan ƙarfen da ke shan zafinsa. Yawancin faya-fayai iyakar zafin da aka yarje musu digiri 60 ne a ma'aunin Salsiyus, kuma a garin da zafin inuwa ke kai 40 a watan Afrilu, faifai shida da aka cusa kusa da juna ba fanka a gabansu ba su da nisa da wannan iyaka. Ƙurar hunturu ba ta shiga cikin faifai, amma tana toshe raga ta danne fanka, don haka share akwatin lokaci-lokaci wajibi ne. Busasshiyar iskar hunturu kuma tana tara lantarki a jikin mutum, wanda ke iya kashe cif da taɓawa ɗaya. Kafin a ɗauki kati, a zare wayar wuta daga bango, a taɓa ƙarfen akwatin, a riƙe katin ta gefensa.

## Faifan da za a saka

Ba kowane faifai ne ya dace da zama cikin rukuni ba. Akwai masu tsarin CMR, inda kowane layin rubutu ke zaman kansa, akwai masu SMR, inda layukan ke hawa kan juna kamar jerin kwanon rufi. Na biyun sun fi araha, amma idan aka daɗe ana rubutu a kansu gudunsu yakan faɗi warwas. A 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan da aka gano cewa wasu faya-fayan WD Red na kamfanin Western Digital, waɗanda ake sayarwa musamman domin irin wannan aiki, SMR ne ba tare da an bayyana ba, kuma masu amfani da ZFS sun ba da rahoton matsala wajen sake gina rukuni da su. Sake ginin shi ne lokaci mafi hatsari. Cika sabon faifai mai terabayit 8 a kan megabayit 200 a daƙiƙa yana ɗaukar aƙalla awa 11, kuma a tsawon wannan lokaci sauran faya-fayan, waɗanda galibi sa'o'in wanda ya mutu ne, suna aiki ba hutawa. Wannan ne ya sa masu manyan faya-fayai suka fi natsuwa da RAID 6 ko madubi.

Kowane faifai yana ajiye rahoton lafiyarsa mai suna SMART, wanda manhajoji na kyauta irin su CrystalDiskInfo da smartctl ke karantawa. A ciki akwai sa'o'in da ya yi yana aiki, inda 43,800 ke nufin shekara biyar cur, da yawan guraben da suka lalace aka sauya musu wuri. Mai sayen faifan hannu ya nemi ganin wannan kafin ya biya, ya kuma san cewa ana iya goge shi: a farkon 2025 kafar labaran fasaha ta Heise da ke Jamus ta ba da rahoton tsofaffin faya-fayan Seagate da wasu dillalai suka goge wa sa'o'i suka sayar a matsayin sababbi. Rahoton mai tsabta ma ba alkawari ba ne. Binciken da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007 a kan faifai sama da 100,000 ya nuna cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Alƙaluman da kamfanin Backblaze ke fitarwa a kai a kai tun 2013 kuma suna nuna cewa a yawancin shekaru kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na faya-fayansa ke mutuwa, a ɗakunan da ke da sanyi da tsayayyiyar wuta.

Ƙananan abubuwa biyu suna rikita sabon shiga. Faifan da ya haura terabayit 2 sai an tsara shi da GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya ganin abin da ya wuce haka. Faifan terabayit 4 kuma zai bayyana a Windows a matsayin 3.63, ba don an cuci kowa ba, sai don kamfani yana ƙirga da dubu-dubu, Windows kuma da 1,024. Abu na uku ya fi su nauyi: a rubuta lambar jikin kowane faifai a inda ido zai gani ba sai an zaro shi ba. Ranar da manhaja ta ce mai lamba kaza ya mutu, zare lafiyayye bisa kuskure daga RAID 5 da ya riga ya rasa ɗaya yana durƙusar da rukunin duka. Tun ran gini, tun ran zane.

## Abin da kati ba zai iya ba

A 1998, ana tsakiyar aikin fim ɗin Toy Story 2 a kamfanin Pixar na Amurka, wani ya ba da umarnin gogewa a inda bai kamata ba, kuma kafin a kashe na'urar kusan kashi 90 cikin 100 na fayilolin fim ɗin sun tafi. Da aka koma ga kwafin ko-ta-kwana, sai aka tarar ya daɗe ba ya aiki daidai ba wanda ya lura. Abin da ya ceci aikin shi ne kwamfutar Galyn Susman, wata babbar jami'ar fasaha ta fim ɗin, wadda ke aiki daga gida saboda jego, take kuma da kwafi a can. Aka naɗe kwamfutar da bargo aka kawo ta ofis a mota.

Babu tsarin RAID da zai hana irin wannan. Madubi yana kwafe kuskure da saurin da yake kwafe aiki: abin da aka goge a faifai ɗaya ya gogu a ɗayan nan take. Haka manhajar da ke garkuwa da bayanai ta nemi kuɗin fansa, haka wutar da ta dawo da ƙarfi ta ƙona duk abin da ke jone, haka ɓarawo, haka gobarar kasuwa. Duk faya-fayan da ke cikin akwati ɗaya ƙaddararsu ɗaya ce. RAID yana sa aiki ya ci gaba idan faifai ya mutu, iyakarsa ke nan. Kariya daga sauran masifu tana cikin ƙa'idar 3-2-1 da mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na duk abin da ke da muhimmanci, a kan ma'adana iri biyu, ɗaya daga ciki a wani gini daban. A nan tsofaffin faya-fayan USB na cikin durowa suke samun aikin da ya dace da su. A riƙa kwafe muhimman ayyuka a kansu duk mako, a zare su daga wuta, a kai gida ko wani ofis. Abin da bai da nauyi, kamar takardun kwangila da fayil ɗin tsarin tacewa da kammalallen fim, shi ya cancanci hawa intanet. Darasin Pixar na biyu kuma shi ne a riƙa buɗe kwafin lokaci-lokaci a tabbatar yana karantuwa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wanda kuɗinsa ke da iyaka, jerin sayayyar yana da tsari. Faifan kwafin da zai kwana a wani wuri shi ne farko, sai UPS, sai akwatin wuta mai isasshen ƙarfi da fanka, sannan katin da layukansa suka ishi kafofinsa, wanda ke miƙa faifai yadda yake. Idan kuɗin bai kai a cika kafa takwas ba, faifai huɗu masu kwafi a waje sun fi takwas da ba su da shi, kuma sauran kafofin za su jira har a samu hali.